WAYAR SALULA A WURNO, RABAH DA GORONYO: IDAN TA ƊAUKE, WA KE ƊAUKAR ASARA?

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya

 

    

Kwamitin shirya taro ya ɗora mana nauyin yin tsokaci a kan kayayyakin fasahar zamani da jama'a ke saye suna amfani da su, da kuma ce-ce-ku-cen da ake yi a kansu. Fage ne mai faɗi, domin ya kama tun daga fitilar sola da ke rataye a rumfar mai shayi har zuwa injin ban-ruwa da ke kuka a fadamar Lugu. Don haka muka ga ya fi dacewa mu kama abu guda mu riƙe shi da kyau, wato wayar salula, wadda muke da yaƙinin cewa ko a cikin wannan zauren yawanta ya fi yawan kawunanmu. Muna roƙon masu ita su daure su kashe mata murya har mu gama.

Matasan da ke nan ba su san zamanin da babu ita ba, saboda haka bari mu ɗan koma baya. Kafin shekarar 2001, layukan tarho da kamfanin NITEL ke da su a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, kuma mafi yawansu suna ofisoshin gwamnati ne da gidajen masu hali a manyan birane. Mutumin Achida da ke son sanar da ɗansa mai ci-rani a Ibadan labarin rasuwa ko haihuwa, sai ya je tasha ya ba direba wasiƙa, ko ya kai a karanta masa sanarwa a gidan rediyo. A watan Janairu na 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisi a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. A wancan lokacin layi kaɗai ana sayensa naira 20,000 ko fiye, minti ɗaya kuma naira 50, ko da sallama kawai mutum ya yi ya kashe. Sai da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan sauran suka bi. Daga baya wayoyin Tecno da Itel, waɗanda kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke ƙerawa, masu cin layi biyu da batir mai jure rashin wuta, suka sauko da ita har hannun mai tallar goro.

Tun daga wancan lokaci muke tafka muhawara guda a majalisunmu da ƙofofin masallatai: waya alheri ce ko sharri? Dattawa su ce ta lalata tarbiyya, samari su ce ta buɗe ido. A namu gani, wannan muhawara lokacinta ya wuce, domin an riga an yanke mana hukunci ba tare da an jira mu gama ba. Gwamnati ta ɗaure shaidar zama ɗan ƙasa a jikin layi, banki ya ɗaure kuɗi a jikinsa, hukumar jarrabawa ta ɗaure rajistar yaro a jikinsa. Wanda ya ce shi ba ruwansa da waya, to fanshonsa da kuɗin albasarsa da karatun jikansa suna da ruwa da ita. Yau matsayinta a wurinmu ɗaya ne da na hanyar mota da rijiyar gari. Abin da ya kamata ƙungiya irin tamu ta tambaya shi ne: ranar da ta ɗauke, wa ke ɗaukar asara, kuma wa ake shawarta kafin a taɓa ta?

Mu a wannan yanki ba labari aka ba mu ba. A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, aka bi da wasu ƙananan hukumomi na Katsina, kafin watan ya ƙare kuma abin ya iso mana: ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Rabah da Goronyo da Isa da Sabon Birni. A cikin watan ne kuma aka rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka hana sayar da mai a jarka. Hujjar da aka kawo ba ta banza ba ce, kuma adalci ne mu faɗe ta yadda take. 'Yan bindiga da waya suke haɗa kansu daga daji zuwa daji, da ita suke cinikin kuɗin fansa, kuma abin da ya fi ciwo, da ita infoma da ke zaune a cikinmu, wanda muke sallah sahu ɗaya da shi, yake sanar da su wa ya sayar da sa, wa ya dawo daga birni, ta ina sojoji suka bi. Aka yi tunanin idan aka toshe wannan kafa, an makantar da su. Da yawa daga cikin dattawanmu sun yi na'am da matakin a lokacin, har yanzu ma akwai masu ganin ya yi amfani, kuma ba mu raina ra'ayinsu ba.

To amma mu tuna abin da ya biyo baya. Aka kwashe makonni ɗan ci-rani ba ya iya jin lafiyar iyalinsa, su kuma ba su iya karɓar ɗan abin da ya saba turowa, domin na'urar mai POS ita ma da sabis take aiki. Mai haƙuri ya tashi cikin dare, babu yadda za a kira mai mota. Manomi ya koma sayar da kayansa da ka, bai san yadda farashi ya kwana a Sakkwato ba, balle a Legas, dillali kuwa ya sani. Mutane suka riƙa biyan kuɗin mota su shiga birni don kiran minti biyar, a kan hanyoyin da su kansu abin tsoro ne. Mafi muni, ƙauyen da ya hango babura sun taso ba shi da hanyar gargaɗin ƙauyen da ke gabansa, ba shi da hanyar kiran jami'an tsaro. Su kuwa waɗanda aka yi abin dominsu, masu kuɗi ne da babura; jaridu sun ba da rahoton cewa a yankunan da ke kusa da iyaka sun koma amfani da layukan Jamhuriyar Nijar. Aka wayi gari wanda ba shi da laifi shi ne ya kurmance.

Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, ana tsakiyar cin kasuwar Goronyo, aka buɗe wa bayin Allah wuta, aka kashe mutum fiye da 40. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu, ya ba iyalansu haƙuri. Akwai 'yan'uwansu zaune a wannan zauren. Alhakin wannan ta'asa yana wuyan waɗanda suka ɗauki bindiga, ba za mu sauke shi mu ɗora wa rufe sadarwa ba. Amma kowa ya san labarin bai fita da wuri ba, kuma dangin da ke nesa sun kwana ba su san wa ya rayu wa ya rasu ba. Bayan wannan ne gwamnan jihar na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya nemi gwamnatin tarayya ta sake duba matakin.

Me ya sa muke tono wannan miki bayan shekaru? Saboda matsalar tsaro ba ta ƙare ba, kuma duk ranar da ta ƙazanta za a sami mai ba da shawarar a sake rufewa. Ya kamata ranar ta iske mu da matsaya a rubuce, wadda uwayen ƙasa da wakilanmu a majalisa za su iya ɗauka su kai gaba. Matsayar da muke ba da shawara ita ce: idan har tilas ta sa, a ƙayyade kwanaki a faɗe su, a taƙaita wurin, a sanar da uwayen ƙasa, a kuma tanadi hanyar da asibiti da ofishin 'yan sanda da fadar hakimi za su riƙa magana da juna. Infoma kuwa maganinsa a hannunmu yake fiye da hannun kamfanin waya, domin mun fi kowa sanin yaron da ba ya noma, ba ya kasuwa, amma kullum da sabuwar waya.

Maganar infoma ce ta kawo mu kan batun haɗa layi da lambar NIN. A watan Disamba na 2020 gwamnatin tarayya ta ba da umarnin kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidarsa ta ɗan ƙasa, domin a san mai kowane layi. Aka yi ta ɗaga wa'adi, har a watan Afrilu na 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 yin kira, wa'adin ƙarshe kuma ya cika a Satumba na 2024. A wannan shekarar, layukan da ke aiki a ƙasar nan suka sauko daga sama da miliyan 200 zuwa ƙasa da miliyan 160. Manufar mai kyau ce. Sai dai talaka ya cika nasa alkawari, ya yi sammako, ya bi dogon layi a rana, yana kuma da haƙƙin ya tambaya: yaya har yanzu ake kiran mutane a nemi kuɗin fansa da layi mai rajista? Shi kansa tsohon ministan sadarwa, Isa Ali Pantami, wanda a zamaninsa aka fara aikin, ya fito a 2024 yana kokawa cewa ba a amfani da bayanan yadda ya kamata.

Akwai kuma wata wahala da ta fi shafarmu mu mutanen karkara. Na'ura ba ta san cewa Mamman da Muhammadu da Mohammed mutum ɗaya ne ba. Ba ta san cewa mai suna Wurno a takardar makaranta shi ne mai sunan mahaifinsa a takardar banki ba. Mu da muka riƙe rajistar makarantu mun san yadda ake sanin shekarun yaro a da: a ce ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnensa, idan ya kamo ya isa shiga aji ɗaya, sai a ƙiyasta masa shekarar haihuwa. Wannan ƙiyasin ne yau yake hana tsoho karɓar haƙƙinsa, saboda an rubuta wata shekara a nan, wata a can. Ga iyayenmu mata da yawa da layukansu ke ɗauke da sunan ɗa ko ƙane ko wani yaron shago da ya yi musu rajista, ranar da layin ya ɓata ba su da ikon dawo da shi. Muna roƙon kowane magidanci, idan ya koma gida, ya bincika da sunan wa layin matarsa da na mahaifiyarsa suke.

Jarrabawa ta biyu da ta same mu ita ce ta kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Nijeriya, a ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa ƙarshen Janairu na 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffi, daga baya ya ƙara kwana goma. Aka kwashe tsofaffin, sababbin ba su wadata ba, aka ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Wanda ya tsara wannan a Abuja bai yi la'akari da cewa yawancin rassan bankunan jihar nan a cikin birnin Sakkwato suke ba, kuma abin ya faɗo daidai lokacin da albasa da tafarnuwa suka fara fitowa daga fadama, lokacin da ɗan ƙwadago ke jiran kuɗinsa a hannu kafin faɗuwar rana. Mun ga manomi ya karya farashin kayansa ga duk mai tsabar kuɗi. Mun ga ana sayen naira da naira, a cire wa mutum 1,000 ko fiye a cikin 10,000 tasa. Mun ga an tura kuɗi sun fita daga asusun mai saye ba su shiga na mai sayarwa ba, aminai suka koma gaban alƙali. Sai a ranar 3 ga Maris, 2023, Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, sannan aka fara numfashi.

Wahalar ta wuce, amma ta bar mana sabon hali. Dubban mutanen da ba su taɓa taka ƙofar banki ba suka buɗe asusu a waya, da OPay ko Moniepoint ko PalmPay, kuma yau mai nama da mai kayan miya suna da lambar asusu manne a teburinsu. Yaron da ke zaune ƙarƙashin laima da na'urar POS shi ne bankin ƙauye. Wannan ci gaba ne, ba mu musa ba: ya ba samari sana'a, ya kuma rage wa fatake tafiya da damin kuɗi a kan hanya. Illarsa ita ce an ba mu asusu ba a ba mu ilimin tsare shi ba. Sau nawa muka ga dattijo ya miƙa katinsa a tsakiyar kasuwa, ya faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi kamar mai kiran akuya?

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin a nan dukiyar jama'a ke zurarewa. Damfarar waya iri-iri ce, amma uku sun fi yawa a wurinmu. Akwai mai kira da murya mai daɗi, wani lokaci da Hausa tsantsa har da sallama da addu'a, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunka idan ba ka karanto masa lambobin da suka shigo wayarka yanzu ba. Waɗannan lambobin su ne mabuɗin da ya rage masa. Banki ba ya kiran kowa ya tambaye su. Akwai mai sayen kaya ya nuna maka saƙo a wayarsa, ko ma saƙon ya shigo taka, cewa kuɗi sun shiga, alhali ƙirƙirarsa aka yi. Maganinsa kada buhu ya hau mota sai ka duba ragowar kuɗin da ke asusunka da kanka. Ta uku ita ce mutane suka fi jahilta. Ɓarawon waya a yau layin yake nema fiye da wayar, domin da layin zai iya gano lambar BVN, ya shiga asusu, ya kwashe, har ya ci bashi da sunan mai shi. Kowane layi yana da wurin da ake sa masa lambar kulle tasa daban da ta waya, aikin minti biyu ne, kuma muna iya rantsuwa cewa waɗanda suka yi haka a wannan zauren ba su cika sahu ɗaya ba. Wanda wayarsa ta ɓata, kafin ya nemi mai duba ko ya yi cigiya, ya fara da rufe layin da asusun.

Sai kuma damfarar da mutum ke kai kansa. MMM ta daskare da kuɗin jama'a a Disamba na 2016, aka yi kuka, aka manta. CBEX ta rufta a Afrilu na 2025, aka sake yin kukan. A tsakaninsu, a 2024, samarinmu suka kwashe watanni suna dangwalar fuskar waya dare da rana da sunan mainin a Hamster Kombat, ranar rabo kuma da yawansu abin da suka samu bai biya kuɗin data da caji ba. Damina guda ta wuce wasunsu suna dangwale. Mutumin da ya san cewa albasa sai ta yi watanni a ƙasa, ana ban-ruwa ana cire haki, bai kamata a ruɗe shi da kuɗin da ke ninka kansu cikin wata ɗaya ba.

Game da tsada ba za mu daɗe ba. A Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, bayan kamfanonin sun nemi a ninka, suna kafa hujja da tsadar man dizal da turakunsu ke sha da faɗuwar naira. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne mutumin ƙauye, wanda sai ya hau tudu ko ya ɗaga waya sama kafin ya sami sanda ɗaya, ya biya daidai da na Abuja, kuma datar da bai sami sabis ɗin amfani da ita ba ta mutu a ƙarshen wata. Ana ta maganar 5G tun da aka ƙaddamar da ita a 2022. Mu a ba mu wadda za a yi kira a ji murya tukuna. Ga masu kukan cire musu kuɗi ba dalili, lambar koke ta hukumar NCC ita ce 622, kyauta ce, kuma wanda ya tura kalmar STOP zuwa 2442 zai huta da saƙonnin talla.

Yanzu ga batun da ya fi kusa da zuciyarmu mu malaman makaranta, wato yara. Wasu iyaye sun ce a raba yaro da waya kwata-kwata, kuma ba su kaɗai ke wannan tunani ba a duniya. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare tun 2018. Ostareliya ta yi doka a 2024, wadda ta fara aiki a Disamba na 2025, ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a dandali irin su TikTok da Facebook. Waɗannan ƙasashe ne da suka riga mu sanin abin, suka kuma ga yadda yake cinye barcin yaro da natsuwarsa. Muna tare da su a kan cewa waya ba ta da wurin zama a cikin aji, kuma babbar waya a hannun yaron da bai gama ƙaramar sakandare ba, shi kaɗai a ɗaki cikin dare, sakaci ne na uba.

Sai dai akwai bambanci tsakaninmu da su wanda bai kamata ya kuɓuce mana ba. Yaron Faransa da aka karɓe wa waya yana da kwamfuta a makaranta. Namu fa? Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar NIN, ana farawa ne da tura saƙo daga layin da ya kamata ya zama na ɗalibin shi kaɗai. Hukumar WAEC ma ta fara jarrabawa da kwamfuta ga masu zana ta a kashin kansu a 2024, kuma kowa ya ga inda aka dosa. Yaro ya taso daga Gandi ko Shinaka ko Kwargaba, ya san lissafinsa, ya san Turancinsa daidai gwargwado, a kai shi birni a zaunar da shi gaban na'urar da bai taɓa taɓawa ba, agogo yana tafiya a gefen allo. Maɓallai takwas kacal yake buƙata: huɗu na zaɓen amsa, sauran na gaba da baya da miƙa aiki. Abin da za a koya masa a yini biyu shi ke kayar da shi, a dawo a ce yaranmu ba su da ƙoƙari. Kada kuma wani ya ce ai ya iya waya. Iya shafa fuskar waya a kalli bidiyo daban, iya zama a karanta tambaya a allo a amsa cikin lokaci daban. 'Ya'yanmu mata kuwa, waɗanda ko wayar gidan su ne na ƙarshen taɓawa, tasu ta fi tsanani.

Abu na ƙarshe da za mu taɓo shi ne jita-jita. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka tashi iyalansu da asuba suka yi, wasu suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu. Wancan saƙon yawancinsa a rubuce ne da kira. Yau saƙon murya na WhatsApp yana isa ga wanda bai iya karatu ba, ga kuma ƙirƙirarriyar basira da ke iya kwaikwayon muryar malami ko basarake ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. A yankin da ke cikin zaman ɗar-ɗar, saƙo guda na ƙarya ya isa ya watse kasuwa ko ya sa a far wa baƙo. Mu kuwa muna da gadon da ya kamata ya kare mu. A garin Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma yake kwance tun 1837, 'yar'uwarsa Nana Asma'u ta zauna, kuma tsarinta na 'Yan Taru ya kai ilimi ƙauyuka ta hannun jaji. Jaji sananniya ce, an naɗa ta, an ba ta malfa, kowa ya san daga wurin wa ta ɗauko abin da take faɗa. Saƙon da ke cewa a tura wa mutum goma, wa ya naɗa shi?

Jama'a, ɗan Rabah, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, wanda shi ma da alli ya fara bayan ya fito kwalejin Katsina, da ya ga rediyo ya shiga gidajen mutane, gwamnatinsa ta kafa gidan rediyo da talbijin na Kaduna a 1962, domin Arewa ta sami bakin magana. Ƙungiyarmu ba ta da ƙarfin kafa kamfanin waya, amma tana da ƙarfin takarda da haɗin kai. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusu na musamman, USPF, wanda aikinsa shi ne kai sadarwa yankunan da kamfanoni ke ganin ba riba. Ba a ba wanda bai nema ba. Muna ba da shawarar a ɗora wa matasanmu aikin bin mazaɓa-mazaɓa su rubuto sunan kowane ƙauye da babu sabis ko yake da rauni, da kowane turke da ya daina aiki da dalilin tsayawarsa, uwayen ƙasa su sa hannu, wakilanmu na tarayya su kai. Inda kuma satar batir ko mai ce ta kashe turke, gari ya ɗauki nauyin tsaronsa kamar yadda yake tsaron famfonsa. Haka nan 'ya'yanmu da ke aikin banki, idan sun zo gida hutun sallah, su ba mu yini ɗaya a kasuwa da makarantun Islamiyya na matan aure, su koya wa jama'a kulle layi da duba asusu.

Idan aljihun ƙungiya ba zai ɗauki duka a bana ba, to a namu ra'ayi a fara da yara. Ɗaki ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, da kwamfutoci ko da goma ne, ko da na hannu ne, da sola mai ɗaukarsu, da malami ɗaya da za a riƙa ba ɗan alawus, a ware wa 'yan mata ranakunsu. Ba a buƙatar intanet don koyon maɓallai takwas. Muna roƙon shugaban taro ya sa wannan a cikin abubuwan da za a yanke kafin a tashi yau, domin rajistar JAMB kan buɗe ne a farkon shekara, kuma 'yan ajin ƙarshe na sakandare watanni kaɗan suka rage musu.